Don Allah masu gyara a Wikipedia: ya zan yi da shafin tsohuwar maginiyar da babu wanda ya taɓa rubutu a kanta?

Ƙanwar Maza

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku zo ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Wata uku kenan da na fara gyara a Wikipedia, wata ƙawata ce ta ja ni wani zama da aka yi na koya wa mata yadda ake rubutu a ciki, aka ba mu data da lemo aka ce kowacce ta zaɓi mace ɗaya mai fasaha ta yi aiki a kan shafinta. Ni dai ranar aya da waƙafi kawai na iya gyarawa don hannuna rawa yake, amma tun daga nan abin ya shiga raina.

To akwai wata tsohuwa a ƙauyen su kakata, maginiyar tukwane ce, Gwari ce ba Bahaushiya ba, a ƙiyasi ta haura shekara 80. Wlh in kun ga randarta sai kun tsaya. Ba ta da wani inji, zagaya randar take yi da ƙafarta tana ɗora yumɓu tana lailaya shi da wani ɗan guntun ƙwarya da ya sha hannu har ya yi santsi, in ta zo ado kuma totuwar masara take murzawa a wuyan randar, sai ta ɗauki tsinke ta zana ƙadangaru guda biyu suna kallon juna. Kakata ta ce a da babu amaryar da za a kai a yankin ba tare da randar matar nan ba. Yanzu roba ta kashe kasuwa, idonta kuma ya fara rauni.

Na je na kwana biyu a wurinta, na naɗi muryarta a waya, na ɗauki hotuna, na dawo na rubuta komai a shafina na gwaji. Da na nuna wa wanda ya koyar da mu sai ya ce kada ma in fitar da shi, ba zai rayu ba tunda babu manazarta ko ɗaya, wato wani rubutu da aka wallafa a kanta da zan kafa hujja da shi. Na duba Google har na gaji babu komai a kanta.

Tambayata, muryar da na naɗa da bakinta ba hujja ba ce? Kuma in fara da Hausa ko Turanci? Hotunan fa?

Malam Tsoho

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, kwana biyu a ƙauye don tsohuwar da ba danginki ba, ba kowa ke yi ba.

Amma gaskiya wanda ya koyar da ku bai yi miki ƙarya ba. Ƙa'ida biyu ce ta tare ki. Ta farko, ba a saka binciken da mutum ya yi da kansa, wato abin da kika ji da kunnenki ko kika gani da idonki in ba a wallafa shi a wani wuri da za a iya komawa a duba ba, ba ya shiga, ko da kuwa gaskiya ne tsagwaronta. Ta biyu ita ce ta shahara, sai an samu majiyoyi ingantattu da ba su da alaƙa da mutumin, sun yi magana a kansa sosai ba ambaton suna a wucewa ba. Ga masu fasaha akwai wata ƙofa a Wikipedia ta Turanci, idan aikin mutum yana cikin kayan dindindin na wasu sanannun gidajen tarihi to ana ɗaukar hakan a matsayin alama. A Turanci in aka kai shafi zauren muhawarar gogewa kwana 7 ake yi ana tattaunawa, kuma shafin da babu manazarta ko ɗaya ba ya kai labari.

Ki dubi Ladi Kwali, wadda ke bayan naira 20. Sana'arsu ɗaya da tsohuwarki, ita ma da hannu ta koya a wurin gwaggonta tun tana yarinya, ita ma ƙadangare da kunama da hawainiya da kada take zanawa. Me ya sa shafinta yake zaune daram? Saboda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin, daga nan aka kai kayanta baje koli a Landan, ABU Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnati ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, ta rasu a 1984. Kowane mataki ya bar takarda a baya. Ba wai hannunta ne kaɗai ya kai ta ba, takardun ne mai gyara yake kamawa.

Shawarata kada ki yar da aikinki, juya shi za ki yi. Da farko Google ba shi ne ƙarshen duniya ba, majiya ba sai tana intanet ba, littafi ko tsohuwar jarida ko mujalla duk suna shiga muddin kin ba da suna da shekara da lambar shafi. Tsoffin fitowar Nigeria Magazine cike suke da rubutu kan sana'o'in hannu, akwai mujallar African Arts, akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a ABU, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Sashen zane-zane na ABU ɗalibai sun daɗe suna shiga ƙauyuka suna rubutu kan magina. Kundin digiri na uku ana karɓarsa, na digirin farko kuwa ba shi da ƙarfi, amma ko shi zai iya nuna miki hanyar wata majiyar. In kin kai gyara 500 da wata 6 da buɗe akawun, za ki iya samun shiga Wikipedia Library, ɗakin karatu na intanet na masu gyara, a can akwai JSTOR, rumbun mujallun ilimi, kyauta.

In kin duba babu, to sai a haifar da majiyar a waje tukuna. Ki nemi ɗan jarida mai sha'awar al'adu ko mai shirin gargajiya a gidan rediyo ko malamin jami'a, ki ce ga wata tsohuwa ku je ku gani. Su je da ƙafarsu su rubuta da alƙalaminsu, ba ke ki rubuta ki ba su su sa suna ba, kuma ba da ambulan ba, don masu dubawa suna gane labarin da aka saya. Wannan hanyar doguwa ce, ina sane.

Batun hoto kuwa bari in ba ki labarin wautar da na yi. Farkon shigata na ɗauki hoton wata tukunya daga cikin littafi da wayata na ɗora a Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su, na rubuta wai aikina ne, tunda ai ni na danna. Ko kwana biyu bai yi ba aka cire, kuma daidai aka yi min. Naki daban ne tunda ke kika ɗauka a gabanta, Commons ba ta neman shahara, hoton randa da na hannunta tana aiki duk za su shiga su yi amfani a muƙalar ginin tukwane. Amma ki sani lasisin da za ki sa yana nufin kowa a duniya zai iya ɗauka har ya buga a riga ya sayar, kuma ba a janye shi. Ki yi mata bayanin wannan da harshen da take ji kafin ki ɗora.

Sarkin Musu

Malam da girmanka amma ni wannan magana ba ta shige ni ba. Duk abin da ka faɗa haka ƙa'idar take, ban musa ba, ƙa'idar ce ma matsalar.

Kai da kanka ka kawo Ladi Kwali. A ina Cardew ya fara ganin tukwanenta? A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda tuni ya san darajarta yana ajiye kayanta. Wato mutanenta sun san ita gwana ce, sarki ya sani, kasuwa ta sani, amma a lissafin ƙa'idar nan duk wannan sifili ne sai ranar da Bature ya zo ya rubuta. To wanda Bature bai bi ta ƙauyensu ba fa? Shi kenan ba a yi shi ba?

Kuma ba mu kaɗai abin yake ci ba. Donna Strickland farfesa ce a Kanada, a 2018 wani ya rubuta daftarin shafinta aka mayar da shi wai babu isassun majiyoyi, bayan 'yan watanni ta ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ranar aka yi ta gudu ana buɗe mata shafi. In Baturiya mai Nobel ta sha haka ina ga tsohuwa mai totuwar masara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar maganar baka kamar hirar shayi. Mu fa mun san isnadi, mun san wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, mutumin kirki ne ko maƙaryaci, wannan ilmi ne mai ƙa'ida tun kafin a haifi intanet. Tun 2011 wani ɗan Indiya Achal Prabhala ya gwada wannan, ya je ƙauyuka a Indiya da Afirka ta Kudu yana naɗar bayanin mutane don a kafa hujja da shi, aka yi ta surutu abin bai zama doka ba. Amma kowane harshe ai yana da ikon tsara wasu ƙa'idojinsa, me ya hana mu masu Hausa mu zauna mu ce ga sharuɗɗan da za mu karɓi murya da su? Sai dai mu yi ta kwafo na Turanci muna fassarawa kamar saukakke ne.

Ƙanwar Maza ni da ni ne ke sai in sa a Hausa kawai in ga wanda zai taɓa.

Malam Tsoho

Sarkin Musu sunanka ya bi ka. Maganar Sarkin Abuja gaskiya ce ban da ja. Amma ka tuna ƙofar da za ka buɗe wa tsohuwar nan ita ce kowane ɗan siyasa zai shigo ta ciki da muryar marokinsa a matsayin hujja. In za a yi sai an zauna an yi shi da tsari, ba yarinya sabuwar shiga za a tura ta fara gwajin da aikinta ba. Eh a Hausa zai iya daɗewa ba a taɓa shi ba, amma don masu sa ido ba su da yawa ne, ba don ya tsaya da ƙafarsa ba.

Uwar Biyu

Ku maza kun tafi can kuna ta dambe kan doka kun tsallake abin da ni ya fara tsaya min a rai.

'Yar'uwa kin ce tsohuwar Gwari ce. Kin tambaye ta me take kiran kanta? Don mutanen da mu muke ce wa Gwari da yawansu Gbagyi suke kiran kansu, wasu Gbari, kuma akwai waɗanda ba sa jin daɗin sunan da muka laƙaba musu saboda irin ba'ar da ake haɗawa da shi, kin san dai abin da muke cewa in mutum bai iya Hausa ba. Ba faɗa nake miki ba, ni ma da shi na tashi a baki. Amma ki lura, a Turanci mu ne waɗanda aka bari a baya muna kuka, a shafin Hausa kuwa mu ne masu alƙalami, mu ne muke raɗa wa ƙananan ƙabilu suna. Abin da muke ƙorafin ana mana kada mu juya mu yi wa wasu.

Ni a Kanada nake zaune kuma mafi yawan gyarana kan masu fasaha na 'yan asalin ƙasa ne, nan ne na koyi wannan darasin. Mutanen da tsoffin littattafai ke kira Eskimo, Inuit ne sunansu. Akwai Kenojuak Ashevak, an haife ta 1927 ta rasu 2013, zanenta na mujiya na 1960 har kan sarki aka buga da shi a 1970, kusan kowa a nan ya san hoton. Garinsu a tsoffin majiyoyi Cape Dorset za ki gani, amma Kinngait ne sunan da mutanen suke kira kuma shi ne a hukumance yanzu, to in kina kwafo daga tsohon littafi ido rufe sai ki dawo da abin da mutane suka sha wahala kafin su cire. Wani abin ma ya fi wannan ciwo, tun wajen shekarun 1940 gwamnati ta riƙa ba Inuit lamba a wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya saboda jami'ai ba sa iya rubuta sunayensu, shi ya sa tsoffin sassaƙe da yawa in kin juya gindinsu lamba za ki gani ba suna ba. Wani lokacin duk aikin yini guda shi ne a gano wannan lambar ta waye.

A Ostireliya kuma akwai Emily Kam Kngwarray, 'yar asalin ƙasar, tsohuwa ce kamar taki, sai da ta kusa 80 ta fara zane a kan kyalle da fenti a ƙarshen shekarun 1980, cikin shekara 8 ta yi wajen zane 3000 kafin ta rasu a 1996, a 2025 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya yi mata baje koli ita kaɗai. Shekara da shekaru Kame Kngwarreye ake rubutawa, daga baya aka gyara rubutun sunan bayan an zauna da mutanenta. Sannan a al'adar da yawa daga cikin al'ummominsu in mutum ya rasu ana daina ambaton sunansa da nuna hotonsa na wani lokaci, shi ya sa gidajen talabijin na can suke sa gargaɗi kafin shiri. Wikipedia ba ta cire abu don wannan dalilin, to sai ya rage wa mai gyara ya yi amfani da hankalinsa, ba duk abin da doka ta ba ka dama ba ne ya kamata ka yi.

Shi ya sa nake cewa ki koma ki tambaye ta ƙadangarun nan biyu, ado ne kawai ko suna da wata ma'ana a wurinsu da ba a faɗa wa baƙo. Wata randar ta ruwa ce, wata kuma ta wata hidima ce daban. In ta ce wannan kada a nuna, ki bar shi a wayarki.

Kuma kada ki karaya, giɓin nan na ƙarancin shafukan mata sananne ne, ba ke kaɗai kika gan shi ba. Saboda shi aka kafa ƙungiyoyin masu gyara, Art+Feminism a 2014, Women in Red kuma a 2015, lokacin tarihin mata wajen kashi 15 cikin 100 ne na duk tarihin mutane a Wikipedia ta Turanci, sai da aka yi kusan shekara 10 ana ta fama kafin ya kai wajen 20. Da ɗaya-ɗaya aka tara shi.

Ɗan Tawa

Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Hajiya Uwar Biyu kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, mu ma nan Buzaye muke cewa alhali su Kel Tamashek suke kiran kansu, kuma maƙeransu na Agadas da ke ƙera azurfa duniya ta san kayansu amma ba ta san sunan mai hannun ba, sai dai a rubuta "Tuareg" a ƙarƙashin hoto a wuce.

Ni abin da zan ƙara, kafin mu yi ta kokawa da waɗanda ba su da takarda, akwai tulin waɗanda takardarsu ke nan jibge ba wanda ya ɗauka. Misali nan jiharmu akwai masallacin Yama, magini Falke Barmu ya gina shi da laka a 1962, daga 1975 ya sake ɗaukar aikin ya ƙara mishi ƙubba da hasumiya huɗu kowace da irin nata fasali, anka gama 1982, a 1986 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Mutumin ƙauye ne manomi, kuma an yi rubutu a kanshi da Faransanci da Turanci. Ku can Zariya kuna da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a. Irin waɗannan in kin zauna kin yi musu shafi mai kyau da Hausa ba mai taɓa miki, kina koyon aiki kuma gyaranki na ƙaruwa.

Amma don Allah ban da zuba wa inji ya fassara a liƙa. Na taɓa buɗe wani shafi na wata mai zane, inda anka so a ce ta yi zane da fentin mai sai na ga wai ta yi aiki a cikin man fetur, na yi dariya har sai da ƙwalla ta fito, daga baya kuma abin ya ba ni takaici don yaro ɗan lakwal in ya karanta haka zai ɗauka. Gara layi biyar da mutum ya rubuta da kanshi da shafi guda na wannan shirme.

Ƙanwar Maza

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Anti Uwar Biyu wlh kunya ta kama ni, kwana biyu ina zaune a tsakar gidanta ban taɓa tambayarta ba. Yanzu na sake sauraron muryar, ashe ita da bakinta ta ce Gbagyi har sau biyu, ni ce da na zo rubutawa hannuna ya mayar da shi yadda na saba. Na gyara a shafin gwajin.

Yaya Sarkin Musu na ji maganarka kuma raina yana tare da kai, in kun buɗe wannan muhawarar a zauren Hausa ku kira ni zan zo in sa baki, amma ba zan fitar da shafin yanzu ba, ba na so sunanta ya fara fitowa da jan gargaɗi a samansa.

Akwai wata a unguwarmu da ke aiki a gidan rediyo, na tura mata hoton randar ta ce za ta yi wa mai shirin al'adunsu magana, sai dai ta ce batun mota zuwa ƙauyen ne matsala. Ranar Asabar zan koma da jikar tsohuwar don ta yi mana tafinta, Hausarta ba ta da yawa kuma maganar lasisin nan ni kaina da ƙyar na gane ta balle in bayyana. Malam in ta yarda da wasu hotunan ta ƙi wasu, yardar baki ta isa ko sai an rubuta?

Malam Tsoho

Hoton naki ne tunda ke kika ɗauka, ke za ki sa lasisi. Amma tunda fuskarta da cikin gidanta da zanenta ne a ciki, ki naɗi yardar a waya da harshenta, jikar ta maimaita da Hausa, ki ajiye a wurinki kada ki ɗora. Waɗanda ta ƙi ki ware su a wani fayil daban tun a can kafin ki taso, don in kin dawo gida za su cakuɗe miki. Ki ɗauko gindin randar ma da cikinta, da guntun ƙwaryar nan da totuwar a ajiye su kaɗai a kan tabarma, kuma da safe kafin rana ta yi ƙarfi, hoton tsakar rana yana cinye zane.